Kaka Habi Tana Sallama

Bikin suna ta tafi. Wannan nake so kowa ya riƙe kafin a fara ɗora mini laifi. Kakata Habi, wadda ta haifi Mama, ta bar Sakkwato ta tafi Tawa sunan jaririn Tanti Rakia, 'yar ƙanenta, da zannuwa kala uku da alkawarin sati guda za ta yi. Lokacin ko ruwan fari bai sauka ba. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yanke gero, jaririn da aka je wa suna ya fara zama da kansa, tsohuwa tana can Nijar abinta.

In an kira ta a waya sai ta ce tana nan tafe. In an matsa mata sai layi ya lalace. Wani abin mamaki da layin Tawa, ana iya awa guda ana gaisuwa a kansa lafiya lau, ba ya samun matsala sai an zo kan maganar dawowa.

Asalinta 'yar can ce. A Affala aka haife ta, arewa da Tawa, kakanmu ya gan ta lokacin yana fataucin shanu, ya auro ta ya kawo Sakkwato. A nan ta haihu, a nan ta aurar da 'ya'ya, a nan ta binne miji. Mu dai a wurinmu Basakkwatiya ce da ta yi kuskuren haihuwa a wata ƙasa.

Mama ta fara tura ƙanenta, Kawu Yunusu. Ya tafi yana cika baki, ya dawo da zabi biyu da buhun albasa, ba tsohuwa. Da aka tambaye shi abin da ya faru sai ya ce, "Ku dai bari," ya shige ɗaki. Na yi masa dariya har da hawaye. Na ce a gaban kowa, a ba ni daga Juma'a zuwa Litinin a ga aiki, ai ɗauko tsohuwa ɗaya bai kai a tara dangi ba.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta kira ni ɗakin da ta gyara wa Kaka, wanda ta sa aka shimfiɗa wa tayil, ta saya masa gado da fanka, ga magungunan hawan jini an jera a kan taga suna jiran mai su.

"Muktari," ta ce, "uwata ta. Mutane sun hwara cewa mun jefar da ita ga dangi. Wannan duk ban damu ba. Amma in wani abu ya same ta can ba ni kusa, ina zan sa kaina?"

Ta goge ido da gefen mayafi. Ni kuwa ba na iya ganin hawayen Mama. Na yi mata alkawari, ba irin na cika baki ba, na gaske, cewa ranar Litinin da hannuna zan shigo da Kaka ɗakin nan.

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci na kama hanya. Illela, Ƙonni, sai Tawa gab da magariba. Duk hanya ina ta shirya yadda zan tarar da ita: ta rame, ƙafa ta kumbura, tana kwance a tabarma tana jiran mai ceto. Har na tanadi muryar tausayi da zan gaishe ta da ita.

Na tarar da ita a tsakar gidan Tanti Rakia ƙarƙashin dogon yaro, ta miƙe ƙafa tana tsinke zogale, tana ba mutum uku umarni a lokaci guda. Ta yi ƙiba. Kumatun da ban taɓa sanin tana da su ba sun fito.

"Lale da maigida!" ta ce. "Yau ka tuna kana da mata?"

"Wace mata? Ni tun da kinka gudu na sake ki."

"Da mi ka aure ni da za ka sake ni? Ko turmin zane ban gani ba. Zamna nan in gan ka. Kai, Nasiratu ba ta ba ka abinci?"

Nasiratu ita ce Mama. Kaka kaɗai ke kiran sunan haka gatsau ba abin da ya faru.

Na bari aka ci tuwo, aka yi isha'i, sannan na gyara zama na fara jawabin da na haddace tun daga Illela. Na kawo maganar likita, na kawo maganar ɗaki, na ajiye hawayen Mama a ƙarshe don su ne babban makami. Ban ma kai rabi ba ta katse ni.

"To. Litinin mu tahi."

Na tsaya da baki buɗe. Tanti Rakia, wadda malamar makaranta ce mai kamun kai, ta kama tari ta rufe fuska da zane.

"Sai dai in yi sallama da mutane," in ji Kaka. "Ba a barin gari kamar ɓarawo."

Wane ɗan halak zai hana tsohuwa sallama? Na ce ai wannan dole ne. Na kwanta ina tausayin Kawu Yunusu, mutum har da gemu amma abu mai sauƙi haka ya gagare shi.

Asabar da hantsi muka tare 'yan kabu-kabu biyu, ita a kan ɗaya ta zauna a karkace kamar wadda aka haifa a kan babur, ni a kan ɗaya. Muka fara da unguwar Bilbis, gidan wata ƙawarta Maimuna. A nan na ga yadda ake sallama a Tawa, ko in ce yadda Kaka take yin tata.

Da farko ba a maganar tafiya. Za a gaisa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi zafi, a tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara. Sai a kawo fura a dama. Sai an shanye an suɗe ludayi, hira ta yi daɗi, sannan Kaka za ta sauke ajiyar zuciya, ta nuna ni da haɓa.

"Ga wanda yaz zo ɗauke ni."

Duk gidan sai a juyo a dube ni, irin kallon da 'yan kasuwa ke yi wa ma'aikacin duwan, wato kwastan. Maimuna ta tafa hannu ta yi salati.

"Haba ɗan nan! Mi munka yi maku? Can Sakkwato ba ku da tsohi na, sai tamu?"

Na fara bayanin hawan jini. Ta ce hawan jini ai a Najeriya ake samunsa, nan ba su san shi ba. Ta shiga ɗaki tana share hawaye, ta fito da tiya biyu ta wake da kwalbar man shanu. Aka rako mu har bakin titi, aka tsaya a nan aka sake wata sabuwar hira.

Gida na biyu haka. Na uku haka. A Kurfayawa aka ba mu zabo da busasshiyar kuɓewa. A Wadata aka ba mu tabarmar kaba da ƙullin kuka. Kowane gida sai an ci wani abu, in na ce na ƙoshi sai Kaka ta ce, "Ku yi mai haƙuri, ɗan birni na, ƙyamar abincinmu yake," dole in ja kwano. Na ci dambu, na ci kopto, kwaɗon zogalensu, na sha fura har na daina lissafi. Kafin azahar na kwance maɓallin wando a ɓoye. Ita kuwa loma biyu take yi ta turo mini sauran, ta ce ai maigida ake ciyarwa.

Mafi tsawo shi ne gidan wani Buzu, Rissa, da matarsa Kadidiya, can bakin gari inda gidaje suka fara tazara. Rissa ya gyara rawaninsa, ya jawo ɗan murhun gawayi, ya ɗora shayi. Mutumin nan ba ya sauri da komai. Ya zuba daga sama, ya mayar, ya ɗanɗana, ya girgiza kai, ya sake mayarwa. Da na samu kofin farko na kurɓe, mai ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na yi godiya na fara neman takalmina. Kaka ta kai hannu ta mintsine ni a cinya ba tare da ta daina murmushi ba.

"Saura biyu," ta ce a hankali. "Kar ka kunyata ni."

Muka zauna har aka sha na uku. Da ta nuna ni da haɓa, Rissa ya dube ni ta saman rawani, ya tashi ya zagaya bayan gida, ya dawo yana jan wata 'yar akuya ja mai farin goshi. Na ce a'a, wannan ya yi yawa, ga iyaka ga duwan. Kadidiya ta ce in na ƙi karɓa to na raina su ne. Sai da muka ƙara ɗan kabu-kabu na uku saboda kaya, akuyar kuma ni na rungume ta, tana yi mini kuka a kunne har gida.

Da la'asar sakaliya na kira Mama, cikina kamar ganga, na ce mata an gama sallama, ta sa a share ɗaki. Na ji muryarta ta washe. Har ta tambaye ni abin da Kaka za ta so a dafa mata ranar Litinin.

Lahadi na fito da safe na tarar da tsohuwa ta ci ado, ta yafa mayafi, tana zaune tana jirana.

"Ina kuma?"

"Godiya."

"Godiyar mi?"

Ta dube ni da tausayi, irin na wanda ya ga tarbiyya ta lalace a gidan 'yarsa. "Mutane sun ba ka wake, sun ba ka mai, sun ba ka akuya sukutum, kai sai ka kwashe ka tsallake iyaka? Ai kwana ɗaya in ya kewayo sai a koma a ce an ga abin arziki, an gode."

"Jiya ba mu yi godiya ba?"

"Waccan ta karɓa ta. Wagga ta kwana ta."

Na zauna a bakin rijiya na fara tunani, abin da ya kamata in yi tun shekaranjiya. In mun koma godiya za a kawo fura. In an sha fura an zauna ke nan. In an zauna ba a tashi haka kawai, sai an sake sallama. In an yi sallama kuwa ba mai barin baƙuwa ta fita hannu wofi. Gobe kuma sai godiya.

Na waiwaya inda na ɗaure akuya jiya. Igiya ce kawai a wurin.

"Tanti, ina akuyar nan?"

Tanti Rakia tana wanke wa jariri fuska, ba ta ko ɗago ba. "Ta koma gida. Ta san hanya."

"Kamar yaya ta san hanya?"

Dariyar da take dannewa tun ranar Juma'a ta ƙwace mata, har ta ajiye yaron ta dafa bango. Da ƙyar ta iya magana. Ashe akuyar nan an ba Kawu Yunusu ita sau biyu. Waken Maimuna ma da yamma ake mayar mata da abinta ta ƙofar baya. Duk ƙawayen Kaka sun san wasan, kowa da rawar da take takawa, kuma Maimuna ce gwanar kuka. Kawu ya zagaya gari har zagaye uku kafin hutunsa ya ƙare, aka sallame shi da zabi don kada ya koma da kunya.

"Bon, kai ka yi ƙoƙari," in ji Tanti. "Shi sai da ya kai gida sannan ya gane."

Raina ya ɓaci, ba don komai ba sai don furar da na sha a banza. Amma ni ma jikan Habi ne. Na fita na sayo katin waya, na dawo na zauna kusa da ita, na karɓi lambobin ƙawayen nan daga wayar Tanti.

"Yau godiya ta waya za a yi," na ce.

"Ta waya? Don ka zubar mini da mutunci?"

"Mutuncinki na nan. Ga Maimuna, ta ɗauka."

Na kara mata a kunne. Ba yadda ta iya, ta yi godiya tana harara ta. Ta gwada cewa layi ba kyau, na ce ni ina jin Maimuna raɗau daga nan. Ɗaya bayan ɗaya muka bi su, har Rissa, wanda na gode wa da kaina, na ce a gaida akuya. Kafin rana ta yi zafi an gama godiyar Tawa kaf, ba fura, ba shayi. Na miƙe ina jin kaina kamar wanda ya kada babban ɗan kokawa.

Kaka ta daɗe tana kallona. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "To, saura Affala."

"Kaka, kar ki sake hwara..."

"Muktari," in ji Tanti Rakia. Dariyar ta bar fuskarta. "Wannan ka kai ta."

Lahadi ce ranar kasuwar Tawa, motocin ƙauye na ta shigowa da mutane da dabbobi, don haka ba mu sha wahalar samun mai komawa Affala ba. Muka bi ta cikin gonakin da aka girbe, kara a tsaye, shanu na kiwo a ciki. Kaka tana ta kallon waje. Sau ɗaya ta taɓa ni ta nuna mini wani tudu mai jajayen duwatsu, ta ce a can suke itace suna yara.

Ƙanenta Ciɗo, mahaifin Tanti Rakia, ban taɓa ganinsa ba sai a bakin mutane. Muka same shi a rumfar ƙofar gida, dogon tsoho siriri, yana tufkar igiya da kaba. Idanunsa a buɗe suke amma sun yi fari, ba ya gani da su. Tun muna nesa ya tsayar da hannu ya karkata kai.

"Kin makara," ya ce.

"Wa ya ce maka ni ta?"

"Duk ƙasar Adar wa ke jan takalmi haka in ba ke ba? Tun kina yarinya ba ki iya ɗaga ƙahwa."

"Ka ji marar kunya. Ni da na goye ka."

"Kin goye ni kin kada ni cikin ƙaya. Ga tabon nan har yau."

Ta zauna kusa da shi a tabarma ba tare da an ce ta zauna ba. Ta kwance bakin zane ta fiddo goro da ɗan magogi na gwangwani, ta goge masa goron ya yi laushi saboda ba shi da haƙoran tauna, ta zuba masa a tafin hannu. Bai ce an gode ba. Ya ce na makon jiya ya fi wannan. A nan na gane duk Lahadi tana nan.

Ta gabatar da ni a matsayin ɗan Nasiratu da ya zo ganin gari. Na jira ta nuna ni da haɓa kamar yadda ta saba, ba ta yi ba. Tsohon ya laluba kaina da fuskata, ya ce hancin kakana ne, Allah ya sa ban gado rowarsa ba.

Aka kawo tuwon gero a akushi ɗaya. Suka ci tare, tana tura masa wajen da miya ta fi yawa, yana ture hannunta yana cewa shi ba yaro ba ne. Suka yi gardama a kan wanda ya bar jakin babansu ya shiga gonar liman, abin da ya faru tun kafin a haifi Mama. Ita ta ce shi ne, shi ya ce ita ce, kuma shi ya sha dukan. Suka yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta bubbuga masa baya tana zaginsa. Ban taɓa jin Kaka ta yi irin wannan dariyar a Sakkwato ba. A can in ta yi dariya, ta jikoki ce, ta ba mu ce take yi. Wannan kuwa tata ce.

Ni ina gefe ina jiran sallama. La'asar ta yi, muka yi salla. Mai motar da zai koma Tawa ya aiko a ce mu fito. Kaka ta tashi ta kakkaɓe zane, ta gyara wa tsohon hularsa da ta karkace.

"Sai Lahadi," in ji Ciɗo. "Ki zo da goron kirki."

"Allah shi kai mu," ta ce.

Muna tafe zuwa wurin mota na ce, "Kaka, ba ki yi mai sallama ba."

Ta rage sauri.

"Na taɓa yi mai," ta ce. "Randa kakanka ya tahi da ni. Yana ɗan yaro, ya biyo mu da gudu har bayan gari yana kuka, na ce mai shi koma, ba ni daɗewa. Bayan nan sai dai in zo biki ko gaisuwar mutuwa, in kwana biyu in juya. Ran da na samu zama na dube shi da kyau, idonai ya riga ya tahi. Mu tara uwarmu ta haihwa, Muktari. Saura ni da shi."

Ta tsaya ta juyo ta dube ni.

"Na ce za ni bi ka, kuma za ni bi ka. Amma wannan bakina ba ya iya hwaɗa mai. Kai da kaz zo ɗaukata, ga shi can zamne. Koma ka gaya mai."

Na waiwaya. Yana nan a rumfa ya ci gaba da tufkarsa, yana motsa baki da sauran goro. Tsakanina da shi ba nisa. Na tsaya har mai mota ya yi oda, sannan na bi bayan Kaka muka shiga. Na ce wa kaina Tanti Rakia za ta gaya masa, ai ubanta ne. Kunya ta kama ni tun daga nan har Tawa.

Litinin da sassafe ta riga ni shiri. Tanti ta ce an riga an kai jakarta tasha don a kama mana wuri. Da muka isa na hango ta a saman motar Ƙonni, ƙatuwar jaka mai zanen ja da shuɗi, an ɗaure ta tsakanin buhunan albasa. Ba ƙawa ko ɗaya da ta zo rakiya. Ba kuka, ba akuya. Tanti Rakia ta rungume ta, ta juya da sauri ta ce za ta makara lakwal, wato makaranta.

Kaka ta shiga ta zauna jikin taga, ta ɗora hannuwa a cinya. Na sayo mata ƙosai, ta ce ta gode. Kaka ba ta taɓa gode mini ba a rayuwata, kullum sai ta ce na saya mata na jiya ko na rage a hanya. Na tsokane ta na ce amarya za ta koma ɗakinta. Ta ce, "To." Na ce in mun isa sai na ƙara aure don in huta da ita. Ta ce, "Allah shi sa alheri." Ta ci gaba da kallon bangon tasha.

A cikin 'yan mintocin nan na ga tsohuwar da na zo nema tun farko, wadda na tanadar wa muryar tausayi. Kumatun suna nan amma mai su ba ta nan. Haka za ta zauna a kan gadon nan ƙarƙashin fanka, ta sha magani a kan lokaci, ta ce to, ta ce an gode. Ranar Lahadi kuma wani tsoho zai karkata kai yana sauraron takalmi.

Wayata ta yi ƙara. Mama ce. Na dubi sunan, na tuna fuskarta a ɗakin nan, na tuna alkawarin da na yi da bakina. Ban ɗauka ba. Saura mutum ɗaya mota ta cika, direba har ya tada inji.

Na fita na ce wa ɗan kamasho ya sauke jakar can mai ja da shuɗi. Ya ce an riga an ɗaure. Na ce ya kwance. Ya yi ta mita yana hawa, fasinjoji suna ta tsaki, na buɗe ƙofa na miƙa wa Kaka hannu.

"Sauko."

"Uwarka hwa?"

"Ni na san abin da zan ce mata. Ita ma tana da kawu a Affala, ta zo da ƙahwarta ta gan shi. Sauko kahin in canza shawara."

Ta sauko a hankali. Ɗan kamasho ya turo jakar daga sama, na ware ƙafa na tattara ƙarfina duka don in tare ta. Saura kaɗan in faɗi da baya. Jakar ba nauyi ko kaɗan.

Na ajiye ta a ƙasa na zuge. Matashin kai ne a ciki, guda ɗaya, an cusa tsofaffin ledoji a gefe don ta kumbura. Ba zane, ba takalmi, ko carbi babu.

Na ɗago na dube ta. Ta ɗauki ƙosai ɗaya ta gutsura, ta yamutsa fuska.

"Na jiya na," ta ce. "Kuma mi kake nema cikin kayan mata?"

"Kaka! Ashe duk wannan shirun..."

"Shirun na gaskiya na. Jakar ta dai ƙarya."

"To da na ƙyale mota ta tashi hwa?"

"Da na tahi," ta ce, kuma wannan karon ba wasa a muryarta. "Ai na yi maka alkawari. Sai dai da ka kai wa Nasiratu matashi biyu, na jaka da ni."

Direba ya danna oda. Ta tura ni da hannu ta ce in shiga kada su bar ni in zame mata kaya. Ta taga na ga ta tare ɗan kabu-kabu, ta haye a karkace, ta ɗora jakar a cinya da hannu ɗaya. Ba mu kai ga fita daga Tawa ba wayar ta sake ƙara. Na cika ƙirjina da iska na ɗauka.

"Kun taso?" in ji Mama.

"Mama," na ce, "samu wuri ki zamna tukuna."